Wasiƙa Zuwa Ga Auta Kan Tuƙin Bas Mai Bene A Landan

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya sanyi, ya kuma sabon aiki? Mahaifiyarka da yayyenka duk suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, mun kuma yi murna da jin lasisinka na tuƙa babbar motar fasinja ya fito, kuma garejin da ya ɗauke ka yana cikin waɗanda ake sauya wa motoci zuwa na lantarki. Allah ya sanya albarka. Ka ce kuma akwai masu ba da hayar tsofaffin bas masu bene da ake kira Routemaster don bukukuwa da suke son ka riƙa tuƙa musu ranar hutunka. Wannan maganar ce ta sa na zauna na rubuto da tsawo. Motocin nan biyu jan fenti da bene kawai suka haɗa. Ƙafar da ta saba da ɗaya, in ta hau ɗayar ba ta sake lissafi ba, ɓarna za ta yi.

Bari na fara da tsohuwar. Routemaster ta fara ɗaukar fasinja a 1956, an ƙera 2,876 kafin a daina a 1968, kuma ba ta bar aikin yau da kullum ba sai 9 ga Disamba, 2005, a layi mai lamba 159. Bodinta na alminiyum ne, shi ya sa nauyinta ba kowa a ciki bai kai tan takwas ba. Gajeruwar kujera 64 gare ta, doguwar da ake kira RML kuma 72. Injin yana gaba, a gefen hagunka, kai kuma kana cikin ɗan keɓaɓɓen akurkinka, ba ka jin abin da fasinja ke faɗa. Duk abin da ke tsakaninka da su ƙararrawar kwandasta ce: bugu ɗaya ka tsaya a tasha ta gaba, biyu ka tashi, uku mota ta cika, huɗu ko fiye ka tsaya nan take. Bayanta a buɗe yake, babu ƙofa. Saboda haka ko ka ji bugu biyu, kada ka saki birki sai ka leƙa madubin hagu. 'Yan biki sun fi kowa son tsayawa a dandamalin nan don ɗaukar hoto, kuma wanda ya faɗo daga nan kan kwalta yake faɗowa.

Da ka tayar da ita da safe, ka dubi saman gilashin gabanka. Akwai ɗan allon ƙarfe da aka rubuta STOP a jikinsa, yana rataye. Muddin bai ɗage ba, ƙarfin man birki ko iskar giya bai taru ba, kada ka motsa. Birkinta na mai ne da famfo ke tara wa ƙarfi, giya kuma iska ke sauya ta. In allon ya sauko kana cikin tafiya, ka nemi gefe ka tsaya, ba a jayayya da shi. Giya huɗu ce, ba ta da kuloci. In ka bar ta a kan mai sauya kanta, da giya ta biyu take tashi, don haka a kan tudu da cikakken lodi kai za ka zaɓi ta ɗaya da hannunka. In tsayuwa ta yi tsawo, ka fitar da ita daga giya ka ja birkin hannu, domin man da ke haɗa injin da giya zafi yake ɗauka idan aka bar shi yana juyi mota ba ta tafiya. Ba ta da na'urar hana taya kullewa. Ka taka birki da ƙarfi a jiƙaƙƙen titi, bayanta zai zame. Direbobin da can a Chiswick, a yammacin Landan, ake koya musu wannan, a wani fili da ake jiƙawa da gangan har motar ta juya da su. Kai ba ka samu wannan horon ba, to ka ninka tazarar da kake bari.

In kuma suka miƙa maka yayarta, wadda ake kira RT, wadda ta bar aiki a 1979, ka ce sai an koya maka tukuna. Sitiyarinta ƙarfin damtse ne zalla, kuma giyarta sai ka zaɓa da hannu tukuna, sannan ka taka fedar hagu ta shiga. Wanda ya ɗauki fedar nan kuloci yana jan ta a hankali, ya ƙona giyar mutane.

To, ga abin da nake son ka riƙe. Tsohuwar mota mai surutu ce. Injin yana gaya maka nauyin da ya ɗauka, sitiyari yana gaya maka halin titi, wari yana gaya maka lagireto ya yi zafi. Ko ka taka totur da garaje, sai ta yi nishi kafin ta amsa, kuma wannan jinkirin ya rufa wa direbobi da yawa asiri. Ta lantarki ba ta nishi, ba ta gardama. Abin da ƙafarka ta ce shi take yi a take, ko daidai ne ko kuskure.

Lantarki ba baƙo ba ne a titunan Landan. Har zuwa Mayun 1962 akwai bas masu jan wuta daga wayoyin sama, kuma Routemaster ɗin nan ita ta maye gurbin da yawansu. Masu batir na yanzu sun fara da guda biyu kacal a Disambar 2013, a layi 507 da 521. A 2019 layi 43 da 134 suka koma masu bene na lantarki gaba ɗaya. A 2021 hukumar sufurin birnin ta sa 2034 a matsayin wa'adin kawar da duk bas mai hayaƙi. Ma'ana, mafi yawan shekarun aikinka a kan batir za ka yi su, gara ka san shi kamar yunwar cikinka.

Duba motar safe bai canza ba: taya da alamomin da ke kan notocinta, fitilu, waifa, madubi ko kyamarar da ta maye gurbinsa, ƙofofi, gadar keken guragu, ƙararrawa, tukunyar kashe gobara. Duk abin da ka gani ka rubuta a katin lahani, domin abin da ba ka rubuta ba, in ya ɓaci a hanya, naka ne. Ƙarin da aka samu shi ne caji. Ka tsayar da cajin daga na'urar tukuna, ka jira fitilarta ta nuna ta saki, sannan ka zare kan wayar ka rataye shi a mazauninsa. Wanda aka yar a ƙasa taya ke takawa, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Motar ba za ta shiga giya ba in wayar na jikinta ko murfin wurin cajin bai rufu sosai ba, don haka kafin ka kira makaniki ka duba murfin. Sannan ka sani batir iri biyu ne a jikinta. Akwai babban da ke tura ta, akwai ƙanana masu bolt 24 da ke tayar da kwamfutocinta. In ƙananan suka mutu, ko babban a cike yake motar ba za ta farka ba, kuma yawanci barin fitilu ko rashin kashe babban makunni ne ke jawo hakan. Birki da ƙofofi har yanzu iska ce, ka jira agogon iska ya cika kamar yadda za ka yi a ta dizal. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo, ɗaruruwan bolt ne a cikinta. Ba taka ba ce, ko da tsinke.

Kafin ka fita ka dubi kason cajin ka gwada shi da tsawon aikin ranar. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a birnin, wadda kamfanonin BYD da Alexander Dennis suka haɗa, batirinta kilowat-awa 382 ne, kuma a takarda tana yin mil 160. Takarda ba ta san watan Janairu ba. Motar dizal da zafin injinta take ɗumama fasinja kyauta. Wannan kuwa daga batirin da ke tura ta take ɗebo ɗumin, ga shi sanyi da kansa yana rage wa batir kuzari. Kowace tsayuwa da ka bar ƙofa a buɗe ba dalili, ɗumi ya fita, batir ya biya. In ka ga lissafin ba zai kai ka ƙarshen aiki ba, ka sanar da mai kula da layi ta rediyo tun da sauran kaso mai kauri. Motar da man ta ya ƙare ana kawo mata jarka. Wannan sai dai a ja ta, kuma janta ma sai masu aikin sun raba tayoyin baya da injin lantarkin da ke juya su, in ba haka ba yana juyawa yana haifar da wuta yana lalata kayan ciki. Kada ka yarda wani ya ɗaura mata igiya don taimako.

Yanzu maganar ƙafa, wadda ita ce ta fi damuna. Ƙarfin motar lantarki gaba ɗayansa yana nan tun daga tsaye. Tsohuwa da ta shigo da leda a hannu biyu ba ta kai ga kujera ba, in ka taka totur irin takun dizal, ta faɗi. Ka ɗora ƙafa kamar mai taka ƙwai, ka bar motar ta gangara tukuna. Haka wajen tsayawa. Da ka ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin ya koma janareta, yana rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Direban da ya iya hango danja daga nesa ya ɗaga ƙafa da wuri, shi ne ke dawowa gareji da ragowar caji, fasinjansa kuma ba su yi ta karo da juna ba. Amma kada ka dogara da wannan riƙon. Da sassafe batir yana cike, babu inda wutar za ta shiga, sai riƙon ya yi rauni, ka ga motar tana tafiya fiye da yadda ka saba. A titi mai santsi ma kwamfuta tana iya sakinsa da ta ji taya na zamewa. Ƙafarka ta dama ta riƙa komawa saman birki duk lokacin da ba ta kan totur.

Akwai kuma kuskuren da ba wanda yake yarda zai same shi: mutum ya taka totur yana zaton birki ne, motar ta zabura, shi kuma don firgita ya ƙara dannawa. A dizal rurin injin yana farkar da shi. A nan shiru ne, kuma nauyin da ya haura tan goma sha biyu ne ke tafiya. Ya fi faruwa a tashar bas, da cikin gareji, da lokacin da direba ya juya jikinsa yana magana da fasinja ƙafarsa ta gusa. Maganinsa ɗabi'a ce: duk tsayuwar ɗaukar fasinja ka ja birkin hannu, kada ka saki sai ka daidaita zamanka. In ka taɓa jin motar tana gudu alhali kana ganin birki kake takawa, ɗaga ƙafar gaba ɗaya, sannan ka sake nemo birkin.

Mutanen waje ma ba sa jin ka. An sa wa motocin wani sauti da ke tashi in gudu bai kai mil 12 a awa ba, saboda makafi da masu tafiya a ƙasa, amma mai abin sauraro a kunne da mai keke ba lallai su ji shi ba. Ka ɗauka ba wanda ya san kana nan. Ka lura da kwana kuma. A Routemaster kusan a kan tayar gaba kake zaune. A sabuwar tayar tana bayanka, sai ka wuce bakin kwanar kafin ka karya sitiyari, bayanta kuma yana fita waje ya share abin da ke gefen titi. Ranar Litinin bayan ka yi Asabar a tsohuwar, kwanar farko ka yi ta da tunani.

Gobarar batir ba ta cika faruwa ba, amma in ta zo ba irin wadda ka sani ba ce. Farin hayaƙi, ƙarar huci ko fashe-fashe, gargaɗin zafi a allo: tsaya, ja birkin hannu, buɗe ƙofofi, fitar da kowa har na saman bene, kashe babban makunni in kana iya kai wa gare shi lafiya. Ka kai mutane nesa, ta inda iska ba ta kai musu hayaƙin, domin guba ne. Ka gaya wa 'yan kwana-kwana tun a waya cewa ta lantarki ce. 'Yar tukunyar da ke cikin motar ba ta kashe batir, kuma yana iya sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu.

Abu ɗaya da tsohuwar da sabuwar suka yi tarayya a kai shi ne tsayi. Duk bas mai bene sai an gwada ta a karkace har digiri 28 da nauyi a sama kafin a ba ta izini, don haka ba ta faɗuwa da sauƙi. Gada ce abokiyar gabarta. A Birtaniya duk gadar da ba ta kai ƙafa 16 da inci 6 ba ana rubuta tsayinta, tsayin motarka kuma yana rubuce a gabanka, ƙafa 14 da 'yan inci. Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka karkatar da hanya, ko ranar biki da wani ya ce ya san gajeriyar hanya, ko ka bi taswirar waya da aka yi don ƙananan motoci. In ba ka tabbata ba, tsaya ka kira.

Game da aikin ranar hutu, ka gaya wa garejinku kafin ka karɓa, domin awannin duk a kanka ake lissafa su. A aikin bas na layi, doka ba ta yarda ka wuce awa 10 kana tuƙi a rana ba, bayan awa biyar da rabi sai ka huta minti 30, kuma tsakanin aiki da aiki akwai hutun awa 10. Kada ka manta da kwas ɗin awa 35 na kowace shekara biyar, in ya wuce maka ba ka da ikon ɗaukar fasinja. Da azumi ya gabato ka nemi a daidaita maka jadawali tun da wuri, domin barcin bayan sahur a mota marar ƙara ya fi saurin sace mutum.

Ka rubuto mana lambar layin da aka ba ka da irin motar, da yadda cajinta ke kai ka a wannan sanyin. Mahaifiyarka ta ce ka aiko mata hotonka cikin kayan aiki, amma a tsaye a gefen motar, ba kana kan sitiyari ba. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.