Amsa ga Baba Hedimasta kan dodon tafkin Loch Ness

Assalamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A fili ka yi mini tambaya a shirin rediyon nan na kimiyya, lokaci kuma ya ƙure kafin in ba ka amsar da ta dace da girmanka, shi ya sa na ga gara in rubuto ta a fili. Abin da ka ce shi ne: mutum sama da dubu sun ce sun ga dodo a tafkin Loch Ness na ƙasar Skotlan, cikinsu har da 'yan sanda da malaman coci, shin dukansu maƙaryata ne? Kuma tun da masana sun taɓa cewa kifin silakant ya ƙare a duniya sai ga shi an kamo shi, me zai hana su sake yin kuskure?

Baba, yawancin mutanen nan ba maƙaryata ba ne, kuma ban yarda a kira su haka ba. Sun ga wani abu a kan ruwa. Amma ina da yaƙinin cewa babu wata ƙatuwar dabba da ke zaune a tafkin nan, kuma labarin silakant ɗin da ka kawo yana cikin manyan dalilaina.

A watan Disamba na 1938 wani jirgin kamun kifi ya dawo tashar East London a Afirka ta Kudu. Marjorie Courtenay-Latimer, mai kula da ƙaramin gidan tarihin garin, ta je duba abin da aka kamo, sai ta hango wani shuɗin kifi mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, fikafikansa masu kauri kamar gaɓoɓi. Ta ɗauke shi, ta aika wa masanin kifi J.L.B. Smith zanensa, shi kuma ya tabbatar cewa silakant ne, irin kifin nan da ake tsammanin ya ɓace tun shekaru miliyan 66 da suka wuce. Sai 1952 aka samu na biyu a tsibiran Kwamoros, inda aka tarar masuntan wurin sun daɗe da saninsa, har suna da sunan da suke kiransa, gombesa. Masana sun yi kuskure, gaskiyarka. To amma dubi abin da ya gyara musu kuskuren: kifin da kansa ya zo hannu, aka auna shi, aka ƙirga ɓawonsa, aka ajiye shi inda duk mai musu zai je ya gani.

Haka labarin ƙaton skwid, halittar nan ta teku mai hannuwa goma wadda matuƙan jiragen ruwa na Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna ba da labarinta ana yi musu dariya. A 1857 masanin Denmak Japetus Steenstrup ya ba ta suna a kimiyyance bisa gaɓoɓinta da suka zo hannunsa. Gawarwakinta suka riƙa fitowa gaɓar teku, ana kuma samun bakinta a cikin tumbin kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku. Ba a samu hotonta da rai a can ƙarƙashin teku ba sai 2004, a ruwan Japan, bidiyo kuwa sai 2012. Kusan shekara ɗari da hamsin ke nan ana riƙe da gawarta kafin a ga mai rai a mazauninta. A Loch Ness akasin haka ne: sama da shekara casa'in ana ba da labarin gani, babu ƙashi ko ɗaya, babu haƙori, babu fata.

Kuma teku daban, tafki daban. Teku ya rufe kusan kashi 70 cikin ɗari na doron duniya, wani wurin zurfinsa ya kusa kilomita 11, don haka ba na mamaki in gobe aka fito da babbar halittar da ba a sani ba. A 1976 ma an kamo wani sabon nau'in kifin shak mai ƙaton baki kusa da Hawai. Loch Ness kuwa tsawonsa kilomita 37 ne, faɗinsa bai kai kilomita biyu ba a yawancin wurare, mafi zurfinsa kimanin mita 230. Hanyar mota ta bi gefensa, garuruwa na bakinsa, jiragen 'yan yawon buɗe ido na ratsa shi kullum.

Bari in ba ka tarihin yadda abin ya faro, domin a nan ne zuciyata ta fi sosuwa. Ana yawan ambaton labarin wani waliyyin Kirista, Kolumba, da aka ce ya kori dabbar ruwa a shekarar 565. An rubuta labarin ne fiye da shekara ɗari bayan haka, kuma a kogin Ness aka ce abin ya faru. Dodon da duniya ta sani a yau ɗan 1933 ne. A shekarar aka gyara hanyar da ta bi arewacin tafkin, aka sare itatuwa, ruwan ya fito fili ga masu mota. A watan Mayu jaridar Inverness Courier ta buga labarin wata mata, Aldie Mackay, da ta ce ta ga abu kamar kifin wel yana juyi a ruwa. Kafin ƙarshen shekara jaridar Daily Mail ta Landan ta ɗauko wani mafaraucin manyan namun daji, Marmaduke Wetherell, ya je ya nemo dodon. Cikin 'yan kwanaki ya ce ya samu sawu a bakin tafkin. Aka kai samfurin sawun gidan tarihin halittu na Landan, masana suka duba, suka ce sawun dorina ne, kuma duk ƙafa ɗaya ce, busasshiyar ƙafa irin wadda Turawa ke kawowa daga Afirka suna ƙawata ɗaki da ita. Wetherell ya sha kunya a idon duniya.

A watan Afrilun 1934 Daily Mail ta buga hoton nan da kowa ya sani, dogon wuya da ƙaramin kai sun leƙo daga ruwa. Wani likita ne na Landan, Robert Kenneth Wilson, ya kawo shi, kuma darajar likitancinsa ce ta sa aka gaskata. Shekara sittin hoton yana yawo a littattafai. Sai a 1994 gaskiya ta fito: Christian Spurling, agolan Wetherell, ya bayyana kafin rasuwarsa cewa shi ya ƙera kan da wuyan, aka ɗora su a kan jirgin wasan yara mai nutso, don a rama abin da jaridar ta yi wa Wetherell. Baba, ka yi shekaru kana koyar da yara, ka san yadda hoto ke zama a ƙwaƙwalwa. Mutum mai gaskiya da ya girma da hoton nan, in ya tsaya bakin tafkin ya hango baƙin abu daga nesa, idonsa zai cike masa sauran siffar ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Ƙaryar mutum uku ko huɗu ce ta jawo wa ɗaruruwan masu gaskiya zargi, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Abubuwan da ake gani kuwa suna da yawa. Tafkin dogo ne siriri, igiyar ruwan da jirgi ya tayar takan ci gaba da tafiya bayan jirgin ya ɓace wa ido, ta yi kama da tozaye a jere. Akwai kututturan itace, da barewa mai iyo, da karen ruwa, da tsuntsaye, da sil, wata dabbar ruwa mai shayarwa da kan shigo daga teku jefi-jefi. In ruwa ya kwanta luf, kawalwalniya takan miƙar da ƙaramin abu ya zama dogo. Ruwan kuma baƙi ne saboda ruɓaɓɓun tsirrai da ake wankowa daga tuddai, ba a ganin abin da ke ƙasa.

Masu cewa ragowar filesiyoso ce, dabbar nan mai dogon wuya ta zamanin dainoso, suna da babban aiki a gabansu. Shekaru kimanin dubu goma da suka wuce ƙanƙara ce ta rufe wurin. Filesiyoso iska take shaƙa, dole ta riƙa leƙowa sau da yawa kowace rana. Sannan dabba ɗaya ba ta rayuwa dubban shekaru, sai da garke mai haihuwa da mutuwa, kifin tafkin kuwa bai kai ya ciyar da garken ƙatti ba.

An kuma nema da gaske. A 1987 aka jera jirage fiye da ashirin ɗauke da na'urar da ke gano abu a ƙarƙashin ruwa ta hanyar amsa-kuwwa, suka share tafkin. An samu 'yan alamu uku da ba a fayyace su ba, ba a samu dabba ba. A 2003 BBC ta sake yin irin wannan bincike, ba ta ga komai ba. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago a Niyu Zilan ya ɗebi samfurin ruwa guda 250 daga sassan tafkin, sama da ƙasa. Hikimar ita ce duk mai rai yana zubar da ɓurɓushin jikinsa a ruwa, fata da majina da kashi, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin gadonsa. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna kifaye da mutane da aladu da barewa da tsuntsaye, da tarin ƙwayoyin gadon wani kifi mai siffar maciji, amma babu alamar dabba mai rarrafe, dangin da filesiyoso ke ciki, ko kaɗan. Ko gawar da wani jirgin Japan ya jawo a 1977 kusa da Niyu Zilan, wadda hotonta ya girgiza mutane don ta yi kama da filesiyoso, da aka gwada zaren fikafikanta sai ya nuna ruɓaɓɓen kifin shak ne.

Akwai misali a gida da ya fi duk waɗannan gamsar da ni, wato ayu. A Kogin Kwara da Binuwai babu dabbar da ta fi shi ɓuya. Mutum zai tsufa a bakin kogi bai taɓa ganinsa ba, labaran da ake bayarwa a kansa kuma sun cakuɗe da almara. Duk da haka tambayi Sarkawa: sun san ciyawar da yake ci, sun san inda yake leƙowa ya shaƙi iska, sun san yana shayar da ɗansa nono. Man ayu da fatarsa da ƙashinsa suna kaiwa har kasuwa, abin da ma ya sa yake cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Ina so ɗalibanmu da ke kallon bidiyon dodon Skotlan a waya su san wannan, domin ayu na nan da rai, farauta da madatsun ruwa suna rage shi, masu nazarinsa a ƙasarmu kuma kaɗan ne.

Idan gobe aka fito da ƙashi ɗaya daga Loch Ness, ko guntun nama da gwaji ya nuna na dabbar da ba a sani ba ne, zan rubuto maka wata wasiƙar a fili kamar wannan, da farin ciki. Kafin nan ina roƙon alfarma: kana da tsofaffin ɗalibai a garuruwan bakin kogi, ka sa su zauna da dattawan masunta su rubuta abin da suka sani game da ayu, wuraren da ake ganinsa a da da inda ya daina zuwa. Ni da ɗalibaina a shirye muke mu karɓa mu yi aiki da shi.

A gaida Mama da sauran mutanen gida.

Ɗanka,
malamin kimiyyar halittu