Ba kowane sanyi ake sha wa kafso ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin nan da mu mata muke kira sanyi ko infekshan, don wallahi abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ƙanwata ta fi wata huɗu tana fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri, guda-guda kamar nonon da ya tsinke, ga zafi in za ta yi fitsari. Kunya ta hana ta zuwa asibiti sai kemis ɗin layinsu, shi kuma yaron shagon ko tambaya bai yi mata ba ya ƙulla mata kafso kala biyu a leda, ta shanye abu ya ƙaru, ta koma ya canza mata wani har da allura. Ranar da na je gidanta a baho na iske ta cikin ruwan bagaruwa da gishiri tana hawaye, wai maƙwabciyarta ta ce mahaifarta ce za ta toshe.

Da ƙyar na ja ta asibiti, aka ɗebi ruwan da auduga aka kai gwaji, sai ga shi kandida ce. Ashe ita wannan kandidar dangin yis ce irin na kwaɓin fanke, kuma da ma tana zaune a jikin mutum, a baki da hanji da gaban mace, ba ta cutarwa sai ta samu sarari. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da suke danne ta, toh shi antibayotik, irin kafson nan da aka yi ta ba ta, su yake kashewa, ita kandidar ko ɗar ba ta yi. Ka ga kenan da kuɗinta ƙanwar tawa take sayen ƙarin ciwo. Maganin sakawa na clotrimazole aka ba ta na dare shida da na shafawa, kafin sati ta manta da zancen.

Mata uku cikin huɗu sai sun yi ciwon kandidar nan ko sau ɗaya ne a rayuwarsu, har 'yan mata da ba su san namiji ba, don haka a daina yi wa yara kallon banza. Ciki yana kawo shi, ciwon suga ma haka, ga wandon roba matsattse a zafin nan namu, ga wanke cikin gaba da sabulu mai ƙamshi da matse-matsen kayan mata da ba mu san me aka haɗa ba. Kuma shi wannan ba ya hana haihuwa. Masu toshe hanyar mahaifa daban ne, irin su gonoriya da kilamidiya da ake ɗauka ta hanyar saduwa, su ne ke buƙatar antibayotik mata da miji. In ruwan yana ƙarni kamar kifi shi ma wani ciwon ne, maganinsa daban.

Amma fa ba na ce a raina ciwon kandidar ba. Wadda yake dawo mata sau huɗu a shekara ta je a gwada suga da ƙanjamau. Mai ciki kar ta sha ƙwayar fluconazole ta maganin kandida da kanta, na sakawa ake ba ta. Jarirai ma suna yinsa, farin nan da ke mannewa a harshe da kumatu ya ƙi goguwa har yaro ya ƙi kama nono, a daina dirje shi da tsumma, akwai ruwan nystatin da ake ɗigawa. Ga masu raunin garkuwar jiki kuwa yana gangarawa maƙogwaro haɗiya ta gagara, wani har cikin jini, wannan kam kisa yake yi.

Roƙona Edita, a samo mana likitar mata ta riƙa amsa tambayoyi a shafinku na lafiya ba tare da an buga sunan mai tambaya ba. Sannan ku tura wakilinku wajen masu motocin nan da lasifika a bakin kasuwa, masu jarka ɗaya ta maganin sanyi kowane iri, ya tambayo mana su wane sanyin suke nufi.

Na gode.

Wata mai karanta jaridarku,
daga Kano