Ƙarancin Filatilet Da Tiyatar Gyaran Jiki: A Fara Gano Dalili

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku kan wata tambaya da ta yawaita tun da tallar gyaran jiki ta cika Instagram da TikTok. Mace ta tara kuɗin zuƙe kitse, ko rage tumbi, ko ƙarin mazaunai da ake kira BBL, a Legas ko Abuja ko Istanbul ko Alƙahira, sai gwajin jini ya nuna filatilet ɗinta, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, sun yi ƙasa. A yi aikin ko a fasa? Amsarmu ita ce a dakata tukuna, sai an san abin da ya saukar da su. Maza masu neman rage teɓa ma maganar ta shafe su.

Filatilet ƙananan ƙwayoyi ne da ɓargo ke samarwa, su ne ke fara taruwa su toshe jijiyar da ta fashe, kuma kowacce kwana 7 zuwa 10 take yi a jiki. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a kowace maikurolita ta jini. A takardar gwajin ƙirga ƙwayoyin jini na FBC galibi a taƙaice ake rubutawa, don haka in an ga 92 a gaban PLT, 92,000 ake nufi.

Wasu kan kafa hujja da cewa ai ana yin babbar tiyata muddin adadin ya kai 50,000. Haka ne, amma wannan ma'auni na aikin dole ne, kamar hanjin da ya toshe ko haihuwar da ta gagara, inda jinkiri ya fi zubar jini haɗari. Gyaran sura ba ya cikin wannan sahu. Likitoci masu takatsantsan ba sa taɓa wanda ke ƙasa da 100,000 don aikin ado, kuma tsakanin 100,000 da 150,000 ma sai likitan jini ya duba ya amince. Masu sa barci kan nemi 70,000 zuwa 80,000 kafin allurar kashin baya, domin jini kaɗan in ya taru a wurin yana iya danne laka. Sannan lamba ɗaya ba ta wadatarwa. Mai 120,000 da ta shekara biyar a haka lafiya lau, daban take da wadda watan jiya take da 260,000 yau ta koma 120,000. Ta biyun akwai abin da ke cin jininta.

Abin da ya sa muke tsanantawa yana cikin yadda ake aikin kansa. A zuƙe kitse, ana fara ɗura ruwan gishiri mai ɗauke da maganin kashe zafi na lidoken da kuma adirenalin a ƙarƙashin fata, sannan a zura siririn bututun ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4, a riƙa kai da komowa da shi sau ɗaruruwa. Likita ba ya ganin jijiyoyin da bututun ke tsinkawa, balle ya ƙona bakinsu ko ya ɗaure. Adirenalin ne ke tsuke su, shi ya sa kitsen da ke fitowa cikin kwalba yake rawaya, jini kaɗan. Bayan 'yan sa'o'i ƙarfinsa ya sake, jijiyoyi su buɗe, daga nan aikin toshewa ya koma kan filatilet. In ba su isa ba, jinin ba waje yake zuba ba. A ƙarƙashin fata yake taruwa, cikin rigar matsi, cikin dare, lokacin da kowa ke ganin an gama lafiya. Haɗarin na ƙaruwa in an zuƙe fiye da lita 5, ko an haɗa ayyuka biyu ko uku a zama ɗaya don rage kuɗi.

Rage tumbi ya fi haka nauyi. Ana ɗaga fatar ciki daga mara har kusan haƙarƙari, a bar fili mai faɗi da jini zai iya kwanciya. In ya taru sai ya danne fatar, ta rasa jinin da ke ciyar da ita, gefen ɗinki ya yi baƙi ya mutu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ga kuma tsaka mai wuya: wannan aiki yana cikin waɗanda suka fi jawo gudan jini a ƙafa da huhu, shi ya sa ake ba da allurar tsinka jini bayansa. Mai ƙarancin filatilet in an ba ta, zubar jini ya ƙaru, in an hana ta, ga gudan jini. Kuma ƙarancin ba ya kare mutum daga gudan, musamman mai shirin zaman jirgi na sa'o'i da ɗanyen ɗinki.

Matakin farko shi ne a maimaita gwajin. Kwalbar da ake ɗibar jini mai murfi ruwan makuba tana da sinadarin EDTA, wanda a jinin wasu mutane yake sa filatilet su dunƙule, inji ya kasa ƙirga su, ya ba da lambar ƙarya. A sake ɗiba a kwalba mai shuɗin murfi, a kuma shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita. Wani lokaci nan maganar ke ƙarewa.

In ƙarancin na gaske ne, a nan ƙasar zazzaɓin cizon sauro ne abin tuhuma na farko, kuma adadin kan dawo cikin mako ɗaya ko biyu bayan magani. Sai ciwon hanta nau'in B da C, wanda in ya daɗe yakan kumbura saifa ta riƙe filatilet fiye da kashi ɗaya bisa ukun da ta saba riƙewa. Akwai HIV, ƙarancin bitamin B12 da folik asid, juna biyu, giya, da magunguna irin su kwinin, Septrin, hefarin da wasu na farfaɗiya. Akwai ITP, inda garkuwar jiki ke cinye filatilet ɗinta da kanta, akwai kuma cututtukan ɓargo har da sankarar jini. Don haka ake haɗawa da gwajin hanta, hoton ciki, da gwajin daskarewar jini na PT da APTT. A faɗa wa likita gaskiya in ana yawan haɓo, ko dasashi na jini wajen asuwaki, ko al'ada na zuwa da guda-guda fiye da kwana bakwai. Jajayen ɗige-ɗigen da ke fitowa ba sa bayyana sosai a baƙar fata, sai a duba cikin baki da cikin fatar ido.

Adadi na iya cika amma ƙwayoyin ba sa aiki. Asfirin yana kashe ƙarfinsu har ƙarshen rayuwarsu, shi ya sa ake dakatar da shi kusan mako guda kafin tiyata, bisa umarnin likitan da ya rubuta shi. Ibufurofen da dikulofenak ma suna raunana su. Haɗe-haɗen rage ƙiba da na gyaran jiki da ba a san abin da ke cikinsu ba, a kai wa likita kwalbar ya gani da idonsa.

Muna jan kunne kan masu cewa "za mu ƙara miki filatilet mu yi aikin". Leda ɗaya ta babban mutum kan ɗaga adadin da kimanin 20,000 zuwa 40,000 ne, na 'yan kwanaki, a mai ITP kuwa cikin sa'o'i jiki ke cinye su. Galibi kwana 5 kawai ake iya ajiye su, a zafin digiri 20 zuwa 24 ana jijjiga su, don haka ba kowane asibiti ke da su ba. Maganin firedinisolon yana ɗaga adadin mai ITP, amma yana jinkirta warkewar rauni, ya ɗaga suga, ya buɗe ƙofar cuta, a aikin da kyansa ya dogara kan ɗinki ya kame da kyau.

Wadda likitan jini ya wanke, ta nemi takardar amincewarsa a rubuce, ta maimaita gwajin cikin makon aikin, ta tabbatar likitan da zai yi aikin na da rajista da hukumar kula da likitoci ta MDCN in a Najeriya ne, ta kuma tambayi inda za a samo jini da filatilet in an buƙata da tsakar dare. Bayan aiki, in gefe ɗaya ya kumbura ya yi tauri, ko robar da ke tsiyayar da ruwa ta cika da jan jini da sauri, ko ga jiri da bugun zuciya, a koma asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya a Kano