Wasiƙar godiya ga masu shagon gyaran tsofaffin kwamfutoci a Gateshead

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne a bainar jama'a domin godiyar da aka yi a ɓoye ba za ta biya abin da kuka yi mini ba.

A 1989, ina karatu a Niyukasil ta Ingila, na sayi kwamfuta ƙirar Commodore 64 da kaset ɗin wani wasan kwamfuta mai suna Buffalo Bill's Wild West Show. Kamfanin Tynesoft ne ya fitar da shi a shekarar, kuma a Blaydon yake, nan maƙwabtanku. Na dawo da kayan gida Zariya, suka shekara talatin da 'yan kai a cikin adaka. Da 'yata ta tashi tafiya karatu Ingila na ɗora mata su, tana ta gunaguni kan nauyi.

Ta ce da ta ajiye muku kwalin, abin da kuka fara tambaya shi ne ko mun jona kwamfutar da wuta. Ashe tsohuwar na'urar ba da wuta ta Commodore 64 idan ta lalace sai ta tura wutar da ta wuce kima ta ƙone kayan ciki. Allah ya tsare ban yi garaje ba. Kuka sauya ta, kuka sa sabon bel a na'urar kaset domin tsohon ya narke ya zama kamar ƙaro, kuka daidaita kan da ke karanta kaset ɗin da ɗan sukurdireba har sautin ya fito tas. Wani maɓalli da ta ce a canja, kuka ce ƙura ce kawai, kuka goge ba ku karɓi ko kwabo ba. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Yanzu ga kwamfutar a falona. Jikokina sun sha mamakin yadda ake zaman jiran mintuna kafin wasa ya buɗe. Amma da ya buɗe, shiru kake ji. Wasanni shida ne, cikinsu har da jifan wuƙa a gefen wata mata da ke juyawa a kan faifai, da harbin gwaninta, da hawan ingarma mai tutsu, da ceto keken doki. Da aka zo kan kokawa da bijimi, ƙaramin ya yi tsalle ya ce, "Kaka, ai hawan ƙaho ne!" Daga nan na ba su labarin William Cody, wato Buffalo Bill, mai ainihin wasan dawaki da harbi da aka kwaikwaya a kaset ɗin, wanda ya fara shi a Amurka a 1883, ya kai dawakinsa da maharbansa Landan a 1887 har Sarauniya Biktoriya ta kalla.

Har yau ingarman nan yana kayar da ni kamar yadda yake yi ina saurayi, wannan kam ba laifinku ba ne.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙaro kasuwa.

Naku,
Wani tsohon ɗalibi, daga Zariya