Alhaji ya ba ni hutun zuwa wurin Yayata a Duwala, amma ya haɗa ni da littafin bashi

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni mai sauraron filinki ne daga nan Garwa. Yau ni ma na kawo tawa, domin magana ce da in na kai ta gaban dangi, kafin magariba ta isa kunnen waɗanda ta shafa.

Ni ne mai riƙe da littafi a wurin wani Alhaji da ke fataucin albasa. Muna saye a hannun manoman Marwa da kewayenta da na nan bakin Binuwai, mu loda a manyan motoci zuwa Yawunde da Duwala, wani lokacin kayan su zarce har Gabon. Aikina ƙirga buhu, sallamar 'yan dako, tura wa direbobi kuɗin mai da na hanya ta Orange Money ko MoMo, da sanin wa muke bi, wa ke bin mu. Tun ina saurayi nake hannun Alhaji. Shi ya yi mini aure, shi ya tsaya mini da aljihunsa lokacin da aka yi wa matata aiki wajen haihuwa. Na faɗi haka ne don kada ki ɗauka ƙarar azzalumi na kawo.

Yayata kuma tana aure a Duwala, a unguwar New Bell. Ita ta goye ni bayan rasuwar Innarmu, don haka a wurina ita ce uwa. Rabona da ita tun zaman makokin Baba. Ƙananan yaranta ba su san ni ba sai a waya, suna kirana Kawun Garwa, su zuba mini Faransanci ni kuma in mayar musu da Hausa. Yanzu hawan jini da ciwon ƙafa sun hana ta doguwar tafiya, ni ne ya kamata in je.

Tafiyar kuwa ba ta wasa ba ce. Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne a mota, ga hawan dutsen nan da ke wahalar da manyan motoci kafin a shiga gari. Daga can sai jirgin ƙasa na Camrail, wanda ke tashi da yamma, ya kwana yana tafiya sama da kilomita 600, ya sauke mutum a Yawunde da safe in an yi sa'a. Sannan wata motar kuma ta Edeya zuwa Duwala, kimanin kilomita 240. Jirgin sama yana nan, amma ba na irinmu ba ne. Zuwa da dawowa kawai sun cinye wani yanki na hutun, kuma a cikin jirgin akwai dazuzzukan da waya ba ta kamawa sam.

Da na samu Alhaji da maganar bayan sallar la'asar, bai ko yi gardama ba. Ya ce Allah ya yi albarka, zumunci ibada ne, kuɗin mota da na jirgi ma shi zai biya, har da tsarabar yara. Ban gama godiya ba sai ya ce, "To, tunda Allah ya kai ka can, sai ka leƙa kasuwar Sandaga ka ga mutanenmu." Ya fara lissafa dillalan da suka riƙe mana kuɗi tun kakar bara. Ya ce in tsaya a kan motocin da za su sauka ina can, in ƙirga buhu da idona, domin ya daɗe yana zargin ana ce masa kaya sun ruɓe alhali an sayar. Ya ƙara da cewa wayata ta zauna a kunne, littafi kuma in tafi da shi.

Anti, wanda bai san karɓar bashi a kasuwa ba zai ce ai aikin safiya ɗaya ne. Dillali zai ce ka dawo da azahar, da azahar a ce ya fita, gobe ya ba ka rabi yana rantsuwa. Motar albasa kuma da asuba ake sauke ta, ga zafin Duwala mai ɗauke da laima da ba ya barin albasa ta daɗe, dole a tsaya a kanta ana ware mai kyau da wadda ta fara ruwa. In na ɗauki wannan, gidan Yaya ya zama masauki ke nan, in fita yara na barci, in dawo ina warin albasa. A nan gida ma haka nake: direba zai kira ni tsakar dare daga wajen Maiganga ya ce taya ta fashe, in tashi ina laluben tocila da littafi, matata ta ja zane ta rufe kai.

Ita Yaya ta san halin aikin. Da na ba ta labari, sai ta aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, tana magana a hankali kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci. Ta ce, "Ɗan Inna, taura biyu ba ta taunuwa. In wurina za ka zo, ka zo. In kuma littafin Alhaji ne zai kawo ka, ka yi zamanka, na yafe." Ta ce har ta sa an gyara mini ɗakin babban ɗanta, kuma akwai maganar gidan Baba da take so mu yi ido da ido, ba a waya ba. Wannan "na yafe" ɗin ita ta hana ni sukuni.

Wani abokina da ke aikin ofis ya ce dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ba ma'aikaci hutun yini ɗaya da rabi a kan kowane watan da ya yi aiki, wato kwana 18 a shekara, kuma da albashinsa. Na ji, kuma dokar ta yi kyau. Sai dai tsakanina da Alhaji babu takarda, amana ce da cin tuwo a kwano ɗaya. Ranar da na buɗe baki na ambaci doka a gabansa, ranar zai fara kallona a matsayin baƙo.

Akwai wata hanya, ita ce in damƙa littafin ga ɗan ƙanin Alhaji da ke taya ni a sito. Yaron ya yi boko fiye da ni, ya iya kwamfuta, kuma ya daɗe yana cewa lissafin takarda ya tsufa. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. Amma littafin nan cike yake da alamomin da ni kaɗai na san ma'anarsu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina tsoron in dawo in tarar kujerata ta yi mai ita. Jini ya fi ni kusa da Alhaji. Matata kuma cewa take in karɓi kuɗin, in yi wa Alhaji aikinsa da safe, in ba Yaya yamma, kowa ya samu. Ita ba ta taɓa bin dillali bashi ba.

To Anti, ta wace fuska zan tunkari mutumin da ya yi mini komai in ce masa wannan tafiyar tawa ce? Na yi tunanin in biya kuɗin hanyata da kaina don bakina ya buɗe, ko da zan taɓa ɗan abin da na ajiye na kuɗin makarantar yara a watan Satumba, amma ƙin karɓar kyautar babba shi ma wani laifin ne a wurinmu. Ko in roƙe shi ya bar mini farkon hutun cur in zauna da Yaya waya a kashe, ƙarshensa in shiga kasuwa in yi masa abin da ya samu? In haka ne, me zan ce wa Yaya da ta riga ta gindaya sharaɗinta? Ko kuwa in nemi wani dattijo cikin abokan Alhaji ya yi mini maganar?

Don Allah a sakaya sunana da unguwata, Alhaji ba ya rabuwa da rediyo a bakin sito. In da hali a karanta wasiƙar a shirin wannan makon, domin ranar Juma'a ya ce in je in karɓi kuɗin tikiti.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ɗan'uwanki daga Garwa