Gaisuwar Babbar Sallah daga Birjiniya, da Maganar Motar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da dukkan mutanen gida.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina yi muku barka da Sallah, da fatan an sauko daga idi lafiya, an kuma yi layya lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mu ma a nan jihar Birjiniya ta Amurka mun yi idi da hantsi a wani babban ɗakin taro da jama'ar Musulmi suka kama haya, daga nan kowa ya kama gabansa, domin a ƙasar nan ranar Sallah ranar aiki ce sai ga wanda ya nemi hutu. Ni na nema an ba ni, kuma da yake babu ƙaurin babbaka balle suyar da za ta ɗauke mini hankali, na ga gara in zauna in rubuto labarin da na fara ba Baba ta waya makonni biyu da suka wuce, layi ya katse mu. A ƙarshensa ina da roƙo, kuma Yaya ya fi kowa sanin inda na dosa.

Kun san a garejin da nake aiki, samarin da muke tare ba sa taɓa mota sai sun jona mata kwamfuta ta faɗa musu ciwonta. A watannin baya wani dattijo mai shekara 79 ya kawo wata Ford Model A ta 1930 a kan tirela, ya ce tana shaƙewa da zarar ta yi zafi. Aka zagaya ta aka rasa inda za a soka waya. Ni kuwa da na naɗe murfin injin ta gefe, na ga kafireto da kwantak da fulogi huɗu a fili kamar an shanya su, sai na ji kamar ina tsugune a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, Baba yana ƙarƙashin mota yana cewa in miƙo sifana mai lamba 13. Kafin la'asar ta tashi tana sulo. Tun daga ranar dattijon ya riƙe ni, kuma da ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci ta shirya zagayen gandun dajin Shenandowa, ya ce in zo in taya shi tuƙi, saboda gwiwarsa ta hagu ba ta jure taka kuloci a kan dutse.

Wannan gandu na gwamnatin tarayyar Amurka ne, kamar dai yadda muke jin Yankari, sai dai shi a kan doron duwatsu yake, siriri mai tsawo, a kan jerin tsaunukan da ake kira Blue Ridge saboda wani shuɗin hazo da ke lulluɓe su idan an hango daga nesa, wanda itatuwan da kansu ke fitar da tururin da ke haddasa shi. Hanya ɗaya ce ta ratsa shi daga arewa zuwa kudu, sunanta Skyline Drive, tsawonta mil 105, wato kilomita 169, daga garin Front Royal zuwa Rockfish Gap. An fara gina ta a 1931 aka gama a 1939, kuma doka ba ta yarda a wuce gudun mil 35 a awa a kanta ba. A nan na gane dalilin da ya sa masu tsofaffin motoci ke ƙaunarta: sa'ar motocinsu ce, kwanoninta da hawanta an auna su ne da ƙarfin motocin wancan zamani, kuma babu mai babbar mota da zai biyo ka a baya yana matsa maka lamba.

Mun haɗu a Front Royal ranar Asabar da sassafe, motoci goma sha huɗu. Mafi yawansu Model A ne, wadda kamfanin Ford ya ƙera daga 1927 zuwa 1931, sama da miliyan huɗu da rabi. Akwai kuma Model T guda biyu, yayarta, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927. Mai ɗaya daga cikinsu ya tayar da tasa da hannu, yana juya ƙarfe a gaba kamar mai tayar da injin markaɗe, ya kuma nuna mini yadda ake riƙe ƙarfen ba tare da an zagaya shi da babban yatsa ba, domin idan injin ya mayar da martani yana iya karya wa mutum hannu. Shi ne ya gaya mini cewa a tsofaffin Model T tankin fetur a ƙarƙashin kujera yake, babu famfon da ke tura mai, don haka idan mai ya yi ƙasa a tsakiyar hawa mai tsauri, sai direba ya juya ya hau dutsen da ribas. Kafin mu tashi shugaban tafiya ya raba takardar hanya, ya kuma maimaita ƙa'idarsu: a bar tazara domin sauran jama'a su samu wurin wucewa, kowa ya lura da motar da ke bayansa, kuma idan ɗaya ta tsaya ba a barin ta. A can ƙarshe wata a-kori-kura ce ke biye da mu da tirela, wadda kowa ke addu'ar kada a ga motarsa a kanta.

Baba, da kun zauna a kujerar direban motar nan da kun yi dariya. Ƙarfinta na doki 40 ne kacal. Tankin fetur yana gaban gwiwar mutum, a bayan allon da ke fuskantar direba, mai yana gangarowa da kansa zuwa kafireto, kuma akwai ɗan famfon da ake murɗawa a rufe shi idan an yi fakin. A jikin sitiyari akwai ƙarafa biyu, na dama totur ne na hannu, na hagu kuwa da shi ake gyara lokacin wuta, a ɗaga shi sama kafin a tayar da mota, a sauke shi idan ta kama. Giya uku ce, kuma ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu, an tsaya a firi an saurari injin, yadda kuka ce direbobin tsofaffin manyan motoci ke yi. Sau uku na sa ta ta yi ƙara a mil biyar na farko, dattijon yana runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa, amma bai ce uffan ba. Birki kuwa babu mai a cikinsa, sandunan ƙarfe ne ke tafiya daga feda zuwa tayoyi huɗu, don haka ƙarfin ƙafarka shi ne birkinka.

Tun daga ƙofar gandun ake fara hawa. Wajen mil na ashirin, muna dab da wani wurin tsayawa da ake hango kogin Shenandowa yana murɗawa a cikin kwari kamar maciji, motar da ke gabanmu, ta wata dattijuwa da ta gaje ta daga mijinta, ta fara tari, ta yi harbi sau biyu, ta mutu. Kafin in sa weji a tayarmu, tsofaffi shida sun kewaye ta, kowa da ra'ayinsa, wani ya ce mai ne, wani ya ce batir. Na duba ɗan kofin gilashin da ke tace fetur na gan shi garau, sai na buɗe kan distiributa, na tarar bakin kwantak ya rufe, ba ya buɗewa ko kaɗan. Babu wanda ya zo da ma'aunin tazarar bakin kwantak. Na tambaya ko akwai mai ashana, aka yi ta lalube har aka samo wani tsohon kwali a aljihun ƙofar wata mota. Na yage murfinsa, na goge bakin kwantak da wurin ƙyastawa, na saka kwalin a tsakani na ɗaure noti. Wani tsoho da ya sunkuyo a kaina ya ce mahaifinsa haka yake yi a gona, ya tambaye ni inda na koya. Na ce a tashar Kawo a Kaduna, a wurin nawa mahaifin. Bugu ɗaya motar ta tashi, kuma daga nan har yamma ba a sake kirana da sunan yaron gareji ba.

Jim kaɗan bayan mil na 32 hanya ta shiga cikin dutse, ta wani rami mai tsawon kusan mita 200 da aka fasa a 1932. Al'adarsu ce kowa ya danna hon a ciki, kuma hon ɗin motocin nan kukansa kamar na jakin da mura ta kama, sai ku ƙiyasta goma sha huɗu a lokaci guda. Daga nan muka hau har wuri mafi tsayi a hanyar, mita 1,122 a kusa da masaukin Skyland, inda sanyi ya sa na nemi rigar da Inna ta cusa mini a jaka ranar da zan taho.

A mil na 51 muka ya da zango a Big Meadows, wani faffaɗan fili mai ciyawa a kan dutse, inda Shugaba Franklin Roosevelt ya buɗe gandun a ranar 3 ga Yuli, 1936. Na koma gefe na yi azahar, kuma ina sallamewa na ga barewa da ɗanta mai ɗigon fari a baya suna kiwo, tazararmu ba ta fi taku ashirin ba, ko kallona ba su yi ba. An hana farauta a nan, an kuma hana ba dabbobi abinci. A ɗakin tarihin da ke wurin na karanta abubuwan da suka rage mini zaƙin kallo. Kafin a kafa gandun akwai mutane a kan duwatsun nan da gonakinsu da itatuwan tuffa, aka tashi iyalai fiye da 400, wasu da yardarsu wasu da ƙarfin hukuma, kuma har yau maƙabartunsu sama da 100 suna cikin dajin. Katangun dutsen da ke bakin hanya kuwa, samari marasa aikin yi ne suka gina da yawansu a zamanin karayar tattalin arziki, ana biyan kowannensu dala 30 a wata, a aika 25 gida ga iyayensa, a bar masa biyar. Na daɗe a gaban wannan allo, domin lissafin bai yi mini baƙo ba. Dala 30 ɗin nan ita ce kuɗin shigar mota ɗaya a yau.

Muna wuce Lewis Mountain, 'yan mil kaɗan a gaba, dattijon ya rage gudu ya ce akwai abin da ya kamata in ji daga bakinsa. Nan ne wurin kwana da cin abinci da aka keɓe wa baƙar fata a farkon shekarun gandun, kuma ba a gama kawar da wariyar ba sai 1950. Ya ce lokacin da motar nan take sabuwar amarya, da ni da shi ba za mu ci abinci a teburi ɗaya a kan dutsen nan ba. Ban ba shi amsa ba, shi ma bai ƙara ba, muka yi kusan mil biyu babu mai magana.

Mun fita daga gandun ta ƙofar Swift Run Gap muka gangara kwari. Wannan gangara ta tuna mini da labarin Hawan Kibo da Baba ke ba mu, sai na bi ƙa'idar da kuka koya mini, cewa giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai. Na bar ta a lamba biyu, ina taɓa birki ina saki don kada ya yi zafi ya daina kamawa, har muka sauka, rigata ta jiƙe sharkaf duk da sanyin.

Da daddare a garin Luray, ana cin abinci, aka ce in nuna motocin ƙasarmu. Na buɗe waya na nuna hoton Peugeot 504 ta Baba, wanda Auta ya turo mini bara, tana tsaye a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ita akurki. Na nuna ne ina jin kunya, amma wayar sai da ta zagaya teburin gaba ɗaya. Wani ya ce irinta ce ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975. Wani ya ce rabonsa da ganin irinta tun kafin kamfanin ya daina sayar da motoci a Amurka a 1991. Da na ce a Kaduna aka haɗa ta, a masana'antar da aka buɗe a 1975, kuma da ita aka ciyar da mu aka biya mana kuɗin makaranta, sai dattijuwar nan ta tambaye ni wa ke kula da ita yanzu. A jihar nan mota tana cika shekara 25 ake iya yi mata lambar kayan tarihi, ta Baba kuwa ta haura arba'in.

To Yaya, na ji cewa masu sayen gwangwan sun zo sun yi tayi, kuma na san ba don son rai kake tunanin sallamawa ba, gida na da buƙatu kuma filin ya matse. Ina roƙon Baba ya sa baki, kai kuma ka yi mini haƙuri, kada a sayar. Abin da suka taya zan turo bayan Sallah, a ɗauka ni na saya. Abin da nake so a yi mata kafin damina ta yi nisa kaɗan ne: a ɗaga ta a kan bulo domin ƙafafun su bar ƙasa, a cire batir, a zubar da tsohon fetur, a kwance fulogi huɗun a ɗiga baƙin mai cokali guda a kowane rami, a bar shi kwana uku, sannan a gwada juya injin da hannu a gaya mini ko ya motsa. A kori kajin, a rufe ta da tamfol, amma a bar iska tana shiga ta ƙasa don kada tsatsa ta ci ta. Auta ya ɗauko mini hoton lambar jiki da ta injin, da takardunta idan suna cikin akwatin Baba. Kada kowa ya yar da ko da noti ɗaya, ko wanda ake ganin ya lalace.

Dattijon ya ce in gaishe da Baba, ya kuma ce in tambaya ko a 504 ma da kwalin ashana ake auna kwantak, ko akwai wata dabarar da kuka ɓoye mini. Ina jiran amsa in kai masa ranar taronsu na wata mai zuwa.

A gaishe da Gwaggo da Kawu da maƙwabta. Goron Sallar yara yana hannun Inna, ita za ta raba. A ajiye mini kason soyayyen nama a cikin mai, ko da sai baɗi zan ci.

Wassalam.

Ɗanku mai biyayya,
daga Birjiniya, Amurka,
ranar 10 ga Zulhajji.