Dakalin da Yake Naɗewa

Kano, daren Laraba

Mutumina Sarkin Yawo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya sanyi, ya karatu, ya kuma zaman tuzuranci a ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hannunka ne ya karye da ba ka kira ta ba tun ƙaramar salla. Na ce mata ta yi haƙuri, ni ma da muka ci ƙasa tare wata huɗu rabona da kai, in ban da saƙon nan na shekaranjiya, shi ma don buƙata ta taso maka ne.

Na ga tambayarka a kan filin nan na wajen Janguza, zan zo kanta. Amma bari in fara sauke abin da yake cina, don kai ne silar komai, kuma in ban gaya maka ba cikina zai fashe.

Ka tuna ɗan bidiyon da ka turo mana bara daga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris? Wanda kake nuna kujerar nan ta bakin ƙofa, kana zama kana tashi tana komawa jikin bango da kanta, har wata tsohuwa ta tsaya tana kallonka kamar ta ga sabon kamu? Kai don ka ba mu dariya ka turo. Har ka ce in jirgi ya cika doka ce mai zaune a kanta ya miƙe ta naɗe a samu wurin tsayuwa. 'Yan majalisa suka yi dariya suka manta. Ni kuwa abin ya zauna mini a rai, don a daren da na kalla, a tsaye nake a falona ina neman inda zan shimfiɗa darduma in yi shafa'i da wuturi, ban samu ba.

Ka san falon. Ƙafa 12 ne a 10, in ka cire inda ƙofa take buɗewa. A ciki akwai saitin kujerun Maman yara, mai zaman mutum uku, mai zaman biyu, da 'yan ɗai-ɗai guda biyu, ga kabet ɗin tangaran, ga teburin talabijin. Lokacin da muka tare mu biyu ne, har kai ka ce falon ya yi kama da na ɗan majalisa. Yanzu yara uku, ga ƙanwarta ta zo karatu tana kwana a nan, ga keken ɗinki da Maman yara ta saya take karɓar aikin maƙwabta. Kullum bayan isha'i sai an ɗaga 'yan ɗai-ɗain an kifa su a kan doguwar kafin a jefa katifa, da asuba a sauke. Bayana har ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Da na yi ta juya abin sai na ga ai ba wani baƙon abu ba ne. Kujerar tsakiya ta motar Kosta haka take, ta ma'aikatan jirgin sama haka take. Kuma me ye dakalin ƙofar gidan Malam in ba kujerar da aka gina a jikin bango ba? Mun shekara nawa muna goge wandunanmu a kansa? Iyakaci shi na ƙasa ne, ba ya motsi. Na ce to, ni dakali zan yi a cikin falo, amma mai naɗewa.

Sai dai kafin katako akwai siyasa. Kai da ba ka yi aure ba ba za ka gane ba: kujerun mace ba kujeru ba ne, mutuncin gidansu ne. Baba, mahaifin Maman yara, sai da ya sayar da bijimi biyu kafin ya haɗa kayan ɗakin nan, kuma gwaggonta da ta jagoranci jere har yau in ta shigo sai ta bi su da ido tana ƙirgawa. Ka ce za ka fitar da su? Gobe a ce ka ci kayan 'yar mutane. Na yi sati uku ina kewaye-kewaye, ina tuntuɓe da gangan, ina cewa wash. Ashe ita ma ta gaji, nauyin baki ne ya hana ta. Ita ce ma ta kawo dabarar: autarsu za a aurar bayan babbar salla, kuma ka san yadda kuɗin kaya ya haukace tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ta ce a kai saitin a sake masa soso da yadi a sa a ɗakin amarya, mu riƙe mai zaman biyun kawai. Wallahi maimakon faɗa sai ga Baba da kansa ya kira ni yana sa albarka. Ni da na shirya kare kaina sai na koma ina cewa ai ba komai, yi wa kai ne.

Af, tun da na ambaci aure: Ustazu zai ƙara. E, shi dai, mai wa'azin tattali. Uwargida ta ce ba ta da matsala, sai dai tun ranar da aka kai kuɗi tuwonsa ba ya nuna. Ya rame har hularsa tana juyawa. Kar ka ce ni na gaya maka.

To, kafinta. Da na nuna masa bidiyonka sai ya ce, "Yallaɓai, wannan aikin Turawa ne." Na ce Turawan hannu huɗu gare su? Da ƙyar ya yarda. Muka je 'yan katako na Na'ibawa muka zaɓo maɗaci busasshe, don ɗanye in hunturu ya buge shi sai ya kantare, muka biya Ƙofar Ruwa muka sayo hinji manya da sarƙa. Ya fafe bango da na'ura, ya cusa 'yan robobin nan, ya ɗaure falanki da sukuru, sarƙa biyu suna riƙe da shi ta gefe da gefe. Ya yi kyau ƙwarai. Na zauna, shiru. Na yi tsalle a kai, shiru. Na manta cewa ni duk nauyina bai fi na buhun siminti da 'yan kai ba.

Ranar Juma'a sai ga Kawu bayan an sauko daga masallaci. Ka san Kawu, ka san kuma abin da Allah ya yi masa na jiki, ga babbar riga ta sha sitaci. Ni da rawar kai na zare sakata na sauke masa sabon dakali, na ce bismilla, Kawu, kai za ka buɗe mana shi. Ya duba, ya ce ikon Allah. Ya zauna. Aka kawo masa fura a kofin silba. Ya kai baki ke nan yana cewa "ya iyali", sai ji muka yi ƙaƙaƙas, rim! Sarƙa ta tumɓuko da sukuru da roba da filasta faɗin faranti. Kawu ya tafi ƙasa a zaune, ƙafafu sama, hula ta yi gabas, amma kofin fura yana hannunsa ko ɗigo bai zuba ba. Falo ya yi tsit. Ƙura tana sauka a kan rigarsa. Sai ƙaramin ya tuntsire da dariya, uwarsa ta fige shi suka yi ɗaki, ina jiyo ta ita ma tana toshe baki da filo.

Kawu bai tashi ba sai da ya shanye furarsa a nan ƙasa. Sannan ya dube ni ya ce, "Yaro, in ba ka son baƙi ai da baki ake faɗa." Alhamdu lillahi bai ji ciwo ba, sai ɗan targaɗe a gwiwar hannu. Amma kafin magariba labari ya kai har Gwarzo. Yanzu a dangi sunana Mai Tarko.

Na so in haƙura, Maman yara ce ta hana. Ta ce an riga an kai kujeru, kuma ita ta ɗanɗana faɗin falo kwana biyar, ba mai mayar da ita. Sai na kira tsohon maginin nan da ya yi wa Hajiya katanga. Ya zo ya zura yatsa a ramin, ya murje bulon da hannu, ya zube kamar garin kwaki. Ya ce bangon bulo ne mai inci 6, cikinsa rami, naman da sukurun ya kama bai fi inci ɗaya ba, kuma masu buga bulon sun yi wa siminti rowa. Ya ɗauko falanki ya nuna mini: in mutum ya zauna a bakin gaba, nauyinsa ba ƙasa kaɗai yake tafiya ba, har fizgar abin da ke sama yake yi waje, kamar yadda ake zare ƙusa da bayan hama. Ya ce ko ni ne, da na ƙara wata guda ina zama da na sha ƙasa. "Bango ba ya ɗaukar mutum a rataye," in ji shi, "ka ba abin ƙafa."

Haka aka sake aiki daga farko, wannan karon da mai walda. Magini ya fasa ramukan bulo a layi biyu, ya ɗura kankare, ya dasa ƙarafa masu bakin noti a ciki, aka yi sati ana ba shi ruwa safe da yamma ba wanda ya taɓa. Mai walda ya yi firam da ƙarfen kwana, ya sa wa kowace kujera ƙafafu biyu a gaba masu lilo, in ka sauke ta su faɗo da kansu su dafa ƙasa, in ka ɗaga su kwanta. Yanzu ƙasa ce take ɗaukar mutum, bango riƙo kawai yake yi. Tsayinta daga ƙasa inci 18, faɗin mazauni inci 15, tsawo ƙafa 6, amma mun raba shi biyu, ƙafa uku-uku, don a haɗe ya fi ƙarfin mace ta ɗaga da hannu ɗaya tana riƙe da yaro. Aka sa soso mai inci 2, Maman yara ta ɗinka masa riga mai zif da ragowar yadin labule. Kafinta, da kunya ta sa ya dawo bai karɓi ko sisi ba, ya kewaye shi da katako, ya bar 'yar tazara saboda kumburin damina, ya shafe bayan da maganin gara. In an naɗe, inci 4 kacal yake ci a falon.

Abin da ya fi burge ni ma ba ni na kawo shi ba. Babbar 'yarmu ce ta ce a shafa wa ƙasan baƙin fenti. To in an ɗaga kujera, ƙasanta ne yake kallon falo, sai ya zama allo. Yanzu da rana ana jinga a kai da alli, da yamma baƙi su zauna, da dare a naɗe a jefa katifa biyu har da sauran wurin keke. Sakatar kuwa sai da muka mayar da ita can sama, bayan ƙaramin ya zare ta ya kusa datse yatsa. In za ka yi irinsa wata rana, wannan ka fara tunawa da shi.

Ƙanin Maman yara, ɗan boko, ya bincika a wayarsa ya ce ai wani Ba'amurke mai suna William Murphy ya riga ni, a San Francisco wajen 1900, shi gado ma ya yi mai shigewa bango, har yau da sunansa ake kiran irin gadon. Wai ɗaki ɗaya gare shi, yana neman wata yarinya, a zamanin kuma mace mai mutunci ba ta shiga ɗakin kwanan namiji, shi ne ya ɓoye gadon ɗaki ya zama falo. Ina jin haka na tuna da kai da wannan akurkin da kake biya da kuɗin Yuro. Ga dabara nan kyauta. Mutum ya ƙera gado don ya samu mata, kai ko sallama ka kasa yi.

Kawu ya dawo makon jiya. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce a ba shi tabarma. Sai da ni da maƙwabcina da ɗansa muka hau mu uku muka yi ta sukuwa a gabansa, sannan ya ɗosana, hannu ɗaya a jikin ƙofa. Har ya tafi bai saki ƙofar ba.

Yanzu ga abin da yake hana ni barci. Mai gidan haya ya ji labari ya zo. Na ɗauka faɗan fasa bango zai yi, na tanadi haƙuri. Sai ya sauke, ya ɗaga, ya sauke, ya zauna yana lilo da ƙafa, ya ce kai, wannan abu ya yi. Yana fita ya juyo ya ce, in sani fa duk abin da aka kafa a bango na bango ne, ranar da zan tashi a nan zan bar shi. Ban gama haɗiye wannan ba, shekaranjiya ɗan aikensa ya zo da cewa za a yi ƙarin haya a sabuwar shekara, tun da ɗakin ya ƙara daraja. Da kuɗina! Da targaɗen kawuna! Mai unguwa ya ce in bari a zauna, tun da ban nemi izini a rubuce ba bakina bai da ƙarfi sosai, kuma gaskiyarsa ne, nan na yi wauta. Mai walda kuwa ya raɗa mini cewa noti shida ne kawai, cikin minti goma zai kwance firam ɗin, mu bar masa ƙarafan da ke cikin kankare ya zauna a kansu. Maman yara ta ce ba da ita ba. Ni dai ban yanke ba tukuna. Ku a can in ɗan haya ya ƙara wani abu a ɗaki, na wa ne? Ka tambayar mini wannan abokin naka mai karatun lauya.

Sannan don Allah in ka shiga jirgin gobe, ka durƙusa ka ɗauko mini hoton ƙasan kujerar nan, daidai inda take haɗe da bango. Mai walda ya rantse in ya ga yadda suka sa sifirin ɗin zai yi mana wanda zai riƙa komawa da kansa, har mutum biyu a layinmu sun ce a yi musu. Ka ɗauka kusa-kusa, da haske, ba irin hotunanka da rabi fuskarka ce ba. In tsohuwar nan ta sake kallonka ka ce mata aikin injiniya kake yi.

Wuta ta tafi, caji saura kaɗan, maganar filin Janguza sai wani karon. Ka kira Hajiya ranar Juma'a, bayan la'asar ɗinmu, ba taku ba. Yara suna gaida Baffan Faransa, babbar ta ce har yanzu tana jiran agogonta.

Naka har kullum,
Mai Tarko